Ƙiryar da Ta Rufe Rijiyar Yasore

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ina aikin gandun daji a wajen Safana, kuma ni aka damƙa wa zarton inji, wanda a iya sanina babu irinsa tun daga Babban Duhu har Batsari. Ba don na fi kowa ƙwaƙwalwa aka ba ni shi ba. Kafaɗa gare ni, shi kuwa abin nauyi ne da shi kamar an ɗora maka ɗan maraƙi, in ya tashi kuma sai ya riƙa fizgar mutum. An tura ni Katsina na yi 'yan makonni wurin wani makaniki, ya koya mini yadda ake gauraya fetur da baƙin mai, da yadda ake wasa haƙoran sarƙa, da yadda ake kwance kafireta, wato 'yar tukunyar nan da ke haɗa mai da iska kafin su shiga cikin inji. Na dawo ina ji da kaina. Har tafiyata sai da ta canza, kuma mutane sun lura.

Wata bazara, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe har mata na tonon yashin ƙorama, sai saƙo ya zo daga wurin hakimi. An yi hadarin ƙarya, iska zalla ba ruwa, ya tuge wata tsohuwar ƙirya da ta daɗe da bushewa a tsaye a Yasore, ta faɗi ta kwanta a kan bakin rijiyar gari. Ita kaɗai ce rijiyar da ta rage da ruwa a wannan yanki, mutane na sha, shanun Fulani na sha. Wanda bai san ƙirya ba zai ce ai sai a sa gatari. Ƙirya itacen maƙera ce, da gawayinta suke narka ƙarfe, busasshiyarta kuwa in ka kai mata sara, gatarin ne ke dawo maka. An yi ta sara har ƙotoci sun kakkarye. Wasu suka ce a sa wuta, dattawa suka hana, don in ta ci ta karye cikin rijiyar za ta zube. Shi ne aka tuna da ni.

Na cika tanki tun a Safana, na ɗauki galan guda na ajiya. Taubashina, ɗan kawuna, shi ke da jakunan da ke ɗaukar mana kaya. Ya girme ni kaɗan, baki gare shi kamar reza, kuma tun da na dawo daga Katsina bai ƙara kirana da komai ba sai "Bature". Muka ɗora injin a kan jaki, muka lulluɓe shi da buhu, muka kama hanya. Rana ta faɗi muna Wagini, garinmu, muka ce mu kwana a gida mu yi sammako.

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kama sunana, ba ta yi mini doguwar magana, in ma tana da abin faɗi sai ta faɗa wa wani ina ji. Da muka sauke injin a tsakar gida na yaye buhun, ta fito ta tsaya daga nesa tana kallon sarƙar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juya wajen taubashina.

"Wanga shi ne abin da anka ce ya cinye ƙafar wani mutum a kudu?"

"Ƙanensa ne, Gwaggo," in ji shi. "Wanga hannu ya fi so."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce Allah shi kyauta, ta koma ɗaki. Da asuba na tarar da ƙoƙon rubutu a bakin ƙofata, kamar yadda ta saba ajiye mini duk lokacin da zan yi tafiya. Malamin unguwarmu ke rubuta mata a allo, ta wanke ta kawo. Na yi bisimilla na shanye. Na ga kamar bai kai na kullum yawa ba, amma bazara ce, kowa na tattalin ruwa.

Da hantsi muka isa Yasore. Tun daga bayan gari yara da manya suka biyo mu. Na durƙusa na gaida mai gari, muka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina hanya, ina mutanen Wagini, ina zafi, ina haƙurin ruwa, shi yana amsawa idonsa na kan buhun da ke bisa jaki. Da aka gama ya kai ni bakin rijiya. Ƙiryar ta fi yadda aka kwatanta mini. Gangar jikinta ta rufe bakin ruf, sai wata 'yar kafa a gefe wadda gwangwanin madara ne kawai ke iya shiga, an ɗaura masa zare ana jawo ruwa kamar ana awon magani. Wurin da aka yi ta sara bai fi zurfin ɗan yatsa ba.

A gefe, ƙarƙashin inuwar wata 'yar aduwa, akwai wani tsohon Bafillace zaune a ƙasa, kusa da shi wata farar saniya kwance, ta miƙe wuya a kan yashi. Ciki gare ta, ya tsufa. Yana tsiyaya ruwa daga ɗan goransa a tafin hannu yana shafa mata a hanci. Mai gari ya gaya mini 'ya'yan tsohon sun kora sauran garken yamma neman ruwa, ita wannan ta kasa tafiya, shi kuma ya ƙi barinta. Daga tsatson saniyar da ubansa ya ba shi take, ita kaɗai ta rage. Na je na gaishe shi.

"Sannu, Baffa. Ya mai jiki?"

"Jam, ɗana," ya ce, da Hausarsa mai nauyi, yana nuna saniyar. "Nagge tana son ruwa mai yawa, ba na gwangwani ba. In la'asar ta yi ba ta sha ba, zan ba da wuƙa. Ba ni barinta ta mutu mushe."

Wuƙar ma ba ta yi nisa ba. Wani mahauci daga kasuwar Batsari ya ji labari ya yi sammako, yana zaune a kan tushen ƙiryar da tabarmarsa a naɗe da wuƙaƙensa cikin fata. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Ba mugu ba ne, sana'arsa ce ta kawo shi, amma tun da na ɗora ido a kansa na ji ba na son zamansa a wurin.

"Baffa, ka kwantar da hankalinka," na ce. "Kafin azahar za ta sha har ta bari."

Da ƙarfi na faɗa, don mahaucin ya ji.

Na sa aka shimfiɗa tabarmi a gefen kafar don kada garin katako ya zuba a ruwa. Na auna inda zan yanka, gefe biyu, can bayan bakin rijiya, yadda guntun tsakiya zai zauna a kan ƙasa har a mirgine shi. Na naɗe hannun riga, na rufe cok, wato ɗan marfin da ke rage wa inji iska in za a tashe shi, na taka injin da ƙafa, na fizgi igiya. Ja biyu ya tashi. Mata suka watse da gudu, wani jaki ya tsinke igiya, dattawa suka ja da baya suna salati. Na ɗora sarƙa a kan ƙirya, ta fara shiga, jan gari yana feshi. Daɗin da na ji a lokacin ba ya faɗuwa. Ya shiga kamar taƙi guda, sai na ji muryarsa ta sauya. Ya yi tari, ya kama, ya sake tari, na danna masa mai ya ƙi amsawa, sai ya yi shiru.

Na zare shi daga itacen na ja igiya. Na sake ja. Na yi ta ja har kafaɗata ta fara zafi, yana yin ɗan gurnani ya koma.

"Mi ya same shi?" in ji mai gari.

"Ranka ya daɗe, ɗan abu ne kaɗan."

Ban san ko mene ne ba. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne wani abu ya karye a can ciki, irin wanda sai an aika Ikko, ko ma ƙasar Turawa. In haka ne, ni da tsohon nan mun gama magana.

Makanikin Katsina ya sha gaya mini cewa inji ba ya mutuwa haka kawai, ko dai ba ya samun wuta, ko iska, ko mai, kuma a fara da mai sauƙi. Na ɗauko sifana na kwance fulogi. A jiƙe yake. Na goge shi, na maƙala masa wayarsa, na miƙa wa taubashina na ce ya dafa shi a jikin injin. Na san inda ya kamata ya riƙe, ban dai gaya masa ba, don tun safe yake cewa Bature zai nuna wa ƙauyawa aiki. Na ja igiya. Ya yi tsalle ya yar da fulogin.

"Wayyo Allah! Akwai wuta, wallahi akwai wuta, har ƙeya na ji ta!"

Mutane suka yi dariya, ni ma na ɗan samu numfashi. Wuta dai lafiya lau. Na cire matatar iska na kakkaɓe ta a gwiwa, ba wata ƙura ta a zo a gani. Na duba ɗan hujin da ke kan murfin tanki, wanda tanki ke shaƙar iska ta nan, don zanzaro na son liƙe shi da laka, in ya toshe kuwa mai ba ya sauka. Na zura ƙayar aduwa, ta wuce sumul. Na zare tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa kafireta, mai ya tsiyayo a kan yashi, na hura tiyon, iska ta fita. Na mayar da komai na ja igiya. Ya yi gurnani sau ɗaya ya yi shiru.

Nan fa masu shawara suka taso. Wani ya ce zafi ne, a kai shi inuwa ya huta. Wani ya ce wanga itace tun kakanni ba a taɓa shi, masu shi ne ba su yarda ba. Wani tsoho da bai taɓa ganin ko keke a kwance ba ya ce in juya wancan sukurun, yana nuna mini da sanda. Sukurorin nan biyu na gefen kafireta su ne ke daidaita yawan mai, kuma hannuna ya yi ta ƙaiƙayin in murɗa su. Abin da ya hana ni, da safe da saitin nan injin ya tashi ja biyu, ba shi da dalilin sauyawa shi kaɗai, in kuma na birkita shi na ƙara wa kaina ciwo na biyu. Ina cikin wannan sai mahaucin ya yi gyaran murya.

"Malam mai inji, in ba shi tashi ka faɗi mani tun da wuri. Rana na yi, nama kuwa ba shi son zafi."

Sifana na hannuna. Allah ne ya rufa asiri ban jefa masa ba. Na ce masa ya ja bakinsa ya yi shiru, ko in fara gwada sarƙar a kan tabarmarsa. Ya ce ai sai ta tashi tukuna. Aka yi dariya, ban da ni, ban da tsohon, wanda ko ɗago kai bai yi ba.

Aka kira azahar. Da taimama muka yi salla, gari guda, ga rijiya cike da ruwa a gabanmu. Da na sallame na leƙa wajen aduwa. Inuwa ta matsa ta bar saniyar a rana, tsohon ya cire rigarsa ya kafa sanda ya yi mata rumfa. Numfashinta ya koma sama-sama.

Saura kafireta, abin da nake ta gudu, don kayan cikinta ƙanana ne, in ɗaya ya faɗa yashi sai dai wani ba shi ba. Na tuɓe rigata na shimfiɗa, na ce kowa ya ja baya, na roƙi a ara mini farar tasa. A ƙasan kafiretar akwai wani ɗan kofi na ƙarfe inda mai ke taruwa kafin inji ya zuƙa. Na kwance notinsa a hankali, na juye abin da ke ciki a tasa. Fetur ya bazu, a ƙarƙashinsa kuma sai ga wasu baƙaƙen ƙwayoyi suna mirginawa, suna haɗuwa da juna, sun ƙi gauraya da man.

Ruwa ne. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma daga ƙasan inji ke sha. Da safe ya tashi ne da ɗan man kirkin da ya kwana a kofin, da ya ƙare sai ruwan ya biyo. Raina ya ɓaci. Na fara zagin wanda ya auna mini mai a Safana, na haɗa da duk wanda ya taɓa kusantar galan ɗina. Na tsiyayi na galan a murfi na duba, garau yake, ko ɗigo babu. A tanki kaɗai ruwan yake. Kuma wane irin ruwa ne baƙi ƙirin haka?

Taubashina ya tsuguna ya tsoma yatsa, ya murza, ya ga yana danƙo. Ya ɗan taɓa a harshe ya tofar. Ya kalle ni. Sai na ga kumatunsa sun fara rawa.

"Bature, wanga ƙaro ne. Tawada ce."

"Tawadar me?"

"Da asuba da na fito ɗaure jakai na ga Gwaggo duƙe gaban injin da ƙoƙo. Na ɗauka tofi take mishi." Ya faɗi zaune yana riƙe ciki. "Ashe ba shi ta yi ya sha!"

Na tsaya da tasa a hannu. Fushin da ke cina ya zube gaba ɗaya. Babu abin da ya karye, babu wanda ya yi mini mugunta, abu ne da zan iya gyarawa a nan inda nake zaune. Na yi hamdala a fili. Bayan haka kuma sai na hango Inna a raina cikin duhun asuba tana kokawa da murfin tankin abin da take tsoro, matar da ko sunana ba ta iya faɗi. Da muka biyo ta Wagini a hanyar komawa taubashina ya tsokane ta da maganar. Ta juya mana baya tana tankaɗe, ta ce, "To ai shi ne mai haƙoran. Wancan ya sha, shi bai sha ba, mi anka yi ke nan? Ludayi guda ne ma." Ni ne "wancan" ɗin. Tun daga ranar dai in zan kwana a gida, da injin nake kwana a ɗaki.

A Yasore kuwa labari ya zagaya kafin in ajiye tasar. Liman ya matso ya ce kada a zubar da ruwan nan inda ake takawa. Na juye tankin duka a tasa, na bari ya kwanta, na tsiyaye fetur ɗin sama a hankali, shi kuma ya karɓi na ƙasan ya kai gindin wata bishiya ya tona rami ya zuba. Na ɗauraye tanki da man galan, na ɗauraye tiyo da kofin, na goge 'yar rariyar da ke bakin tiyo wadda ta yi baƙi. Sannan na kwance ɗan ƙarfen nan mai launin zinariya da ke tsakiyar kafireta, wanda ke da huji kamar na allura. Duk man da inji ke sha ta wannan huji yake bi. Na ɗaga shi saitin rana na leƙa. Babu haske.

Na jiƙa shi a fetur na hura, bai buɗe ba. Na sake jiƙawa, na girgiza, na hura har idona ya yi ja. Sai na tuna yadda muke yi da tawada a makarantar allo. Ƙaro ba ya jin mai, ruwa kaɗai ke narka shi, in da ɗumi ya fi. Na ɗaga kai na ce a taimake ni da ruwa kaɗan. Aka kalli juna. Gwangwanin rijiya yana hannun wata mata da ke jiran ya cika don jaririnta, tulunan gida kuwa tun safe aka kife su. Kafin wani ya motsa sai ga tsohon a tsaye a kaina da goransa. Na girgiza shi na ji abin da ya rage bai fi kurɓi biyu ba.

"Baffa, wannan ai nata ne."

"Ɗauki," ya ce. "Wannan ba ya tashe ta."

Rana ta riga ta ɗumama shi. Na zuba a murfin galan na jefa ɗan ƙarfen, ruwan ya fara yin duhu. An hana mu zura waya ko allura a wannan huji, don in ya ƙara faɗi ko kaɗan injin ba zai ƙara daidaita ba. Na ce ina son gashi mai ƙarfi. Tsohon ya koma ya tsinko sili ɗaya daga wutsiyar saniyar. Ina kallo, ko motsa wutsiyar ba ta yi ba. Na zura gashin, ya tsaya, na juya, na ƙara jiƙawa, na juya, sai na ji ya zarce. Na ja shi gaba da baya, na hura, na ɗaga sama. Ga ɗan haske nan, zagaye, tas.

Na shanya shi a kan sifana da ta yi zafi a rana har ya bushe, don kada in mayar da ruwa inda na fitar da shi. Na ɗaura komai, ina ƙirga kayan da ke kan rigata har ba saura. Na tace mai da gefen rawanin mai gari, wanda ya miƙo da kansa. Inuwar mutane ta fara tsawo. Mahaucin ya warware fatar wuƙaƙensa, bai dai zaro ba.

Na ja igiya, shiru. Na ja, ya yi tari ya fitar da farin hayaƙi. Na buɗe cok na ja da duk ƙarfin da ya rage mini. Ya kama, ya yi rawa kamar zai mutu, na lallaɓa shi da mai kaɗan-kaɗan, sai muryarsa ta washe ta miƙe. Ban saurari kowa ba, na mayar da sarƙa cikin tsagar da na fara. Ƙirya ta yi gardama, sarƙa ta yi zafi har tana hayaƙi, ina tsayawa taubashina na ɗiga mata baƙin mai, amma injin bai ƙara ko tari ba. Gefen farko ya rabu. Na zagaya na kama na biyu, kunnena na kan muryarsa. Da ya rage kaɗan na ce a kawo sanduna a tokare. Ya rabu. Na kashe injin da hannuna.

Maza suka sa kafaɗa da sanduna, ana kabbara, guntun ya motsa, ya mirgina, ya faɗi gefe. Sanyin rijiya ya bugo mu a fuska. Mata suka rangaɗa guɗa, aka yo kan rijiya da tuluna, mai gari ya ɗaga hannu ya ce gugan farko na saniya ne. Wanda ya karɓi igiyar gugan kuwa mahaucin ne. Ya ture samari ya ce su ba shi wuri, hannunsu ba ƙwari. Ja uku ya fito da guga cike, ya ɗauka da kansa ya kai gindin aduwa.

Tsohon bai bari ta sha da yawa ba. Ya tallafo kanta a cinyarsa, ya zuba kaɗan a ƙwarya ya kai mata baki. Da farko ba ta kula ba. Ya jiƙa mata harshe, ya yi mata magana da Fillanci a kunne, sai ta zuƙa. Ya janye ƙwaryar ya jira, ya ƙara mata, ya zuba saura a wuyanta da bayanta. Haka ya yi ta yi, mahaucin na kai da kawo da guga. Aka kira la'asar, muka yi alwala da ruwa, muka yi salla, muka dawo, tana nan kwance. Ta dai ɗaga kai, kunnuwanta sun fara korar ƙuda. Ni kuwa ina ganin ko mun makara.

Tsohon ya miƙe ya koma gabanta, ya yi wani ɗan kira a maƙogwaro irin nasu. Ta tattara ƙafafun baya ta ɗaga, ta tsaya a haka tana rawa, gwiwoyin gaba a ƙasa. Mahaucin ya sa kafaɗa a ƙugunta. Ta yunƙura ta miƙe. Ta yi tangaɗi, ta tsaya, ta miƙa baki cikin gugan da kanta.

Tsohon ya juya mana baya, ya daɗe yana gyara igiyar goransa wadda ba abin da ya same ta. Da ya juyo ya kama hannuna da nasa biyu, ya ce, "Mi yetti, ɗana," wato ya gode, bai ƙara ba. Mahaucin ya naɗe fatarsa ya saɓa tabarma, ya ce shi dai yau ya yi sammakon jan ruwa, a yi masa addu'a kasuwar gobe ta yi kyau.

Na zauna a kan guntun ƙiryar. Wata tsohuwa ta miƙo mini ruwa a ƙwarya, jan garin katako na yawo a samansa. Ban tsaya hurewa ba, na kafa kai.